Littafin da Babikir Ya Rataye

A Mayurno, bayan la'asar,
in rana ta fara sauka a kan kogi,
mukan taru a rumfar Hajja Sakina.
Gurbi talatin a ƙasa, kara da tsakuwa,
jabana na huci, citta na tsokanar hanci.

Ran nan Babikir ya zo da littafi mai koren bango,
ya rataye shi a ginshiƙi, ya ɗaure biro da zare.
Ya ce kowa ya zuba abin da ya sani:
yadda ake dasawa, yadda ake ci,
sunan kowane tarko da wanda ya fara ɗana shi,
kafin dara ta bi tsofaffi kushewa.
Muka ce madalla.
Muka ci gaba da wasa.

Wata uku, takarda fara fat,
sai zoben gindin kofi a shafin farko.

Na tambayi Inuwa mai raksha.
Ya ce, ni?
Baba Tanimu na zaune,
shekara sittin yana juya tsakuwa,
in ɗau biro a gabansa in ce ga yadda ake yi?

Baba Tanimu dariya ya yi har da tari.
Dokin nan da nake tattake ku da shi,
in na ɗaure shi a takarda,
gobe me zan hau?

Ɗahiru ya ce, da wane rubutu ma?
Ajami, jikoki ba sa karantawa.
Larabci, na nemi "gurbi" a cikinsa
na samo rami kawai, ba shi ba ne.
Boko kuwa bai biyo kakanninmu hanyar hajji ba.

Jadda ya girma a Gadarif.
A unguwarsu, in ji shi, akwai jerin da ake ci da shi,
nan kuwa in ka yi, sai a watsa wasan.
Wanne zan rubuta?
Duk wanda na zaɓa, na sayi rigima da kuɗina.

Tukur ya taɓa yin layi biyu da fensir,
ya dawo da asuba ya goge.
Magana a baki iska ce, ya ce,
in ta hau takarda ta zama shaida.

Ni ma ban rubuta ba.
Jira nake in gama sani tukuna.

Cikin damina aka kai Baba Tanimu.
Da aka share makoki muka dasa wasa,
aka zo daidai inda dokinsa yakan fito,
hannu shida a sama,
babu wanda ya tuna ƙafar farko.

Washegari mun tarar da rubutu.
Hannun Hajja Sakina ne,
wanda muka sani a lissafin bashin shayi:
"Gurabun dara ashirin da tara ne."

Kai! Rumfa ta ɗauka.
Inuwa ya fizge biro ya soke, ya sa talatin.
Ɗahiru ya bi gefe da ajami yana bayani.
Jadda ya ce tunda an fara, ga ta Gadarif.
Tukur ya gyara Jadda, da biro wannan karon,
ni kuma na gyara Tukur,
aka gyara ni kafin kofina ya huce.

Ita tana fifita gawayi, ko ɗagowa ba ta yi ba.
Shekara goma sha biyu, ta ce,
ina ƙirga ramukanku ta saman buta.
Ba ku iya farawa ba,
amma gyaran wani, ba a kai ku.

Yanzu littafin ya yi dauɗa,
soke a kan soke, maiƙo, yatsun kowa.
Shafi ɗaya ne har yau fari.
Babikir ya rubuta a samansa: Dokin Tanimu.
In iska ta buɗo shi muna tsakar wasa,
sai wani ya miƙa hannu ya juya.