Masu Tufka

Ni ce ke goge allon tagulla
a zauren majalisar garinmu, Lindenfurt,
duk safiyar Litinin, kafin magatakarda ya iso.
Suna shida ne a kai, dukansu Seiler.
Ni ma Seiler ce. Ba na ciki.

A harshenmu, Seiler mai tufkar igiya ne,
amma duba tafin hannun mutum shidan nan:
ba wanda rama ta taɓa yanka.

Na sama Wendelin, likitan shekarar kwalara,
wanda ya toshe rijiyar kasuwa da hannunsa
aka jefe shi da ruɓaɓɓen kabeji.
Sai da mutuwa ta lafa
aka ce, ai dama ɗan gari ne.

Sai Ottilie, mai ƙirga taurari.
Jami'a ta hana ta kujera shekara ashirin,
ta yi lissafinta a kicin
tana jiran dankali ya nuna.

Sai Gottlob, da ya hau jirgin ruwa a Bremen
da akwati ɗaya da bashin mai burodi,
ya je Barazil ya kafa gadoji.
Jikokin jikokinsa sun zo bara,
dogaye, masu dariya da dukan baki.
Sunan ma sun lanƙwasa shi yadda ban gane ba,
amma suka rungume ni kamar ni na goya su.

Akwai alƙali. Akwai mai kiɗan coci
da ya kurumce bai daina ba.
Akwai yarinyar tseren ƙanƙara
da ta karye sau uku ta dawo da azurfa.

A ƙasansu akwai gurbi.
Da bakwai ne.
An ci na bakwai da magagari
a makon da yaƙi ya ƙare.
Shi ne ya jera sunayen maƙwabta
da rubutu mai kyau, ba ko kuskure,
har da mai ɗinkin da ya yi masa kwat ɗin aure,
aka loda su a tashar jirgi da asuba.
An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.
Mu mun yanke.
Ga tabon nan, nan ne man gogewa ke taruwa,
nan ne tsummana ke maƙalewa.
Yaran makaranta ba su tambayar shidan.
Gurbin suke nunawa da yatsa.

Babana, Alois, ba ya sama, ba ya gurbi.
Shi ne na ƙarshe da ya ci sunan da guminsa.
A doguwar rumfa ta bakin kogi
da baya yake tafiya, rama a ƙugu,
yini guda yana nisantar abin da yake yi
don abin ya yi tsawo.
Ni ke juya masa dabaran,
hannuna na daskarewa a watan Janairu.
Ya yi wa kwale-kwalen gawayi igiya,
ya yi wa masu haƙa kabari,
har igiyar roba ta zo daga masana'anta
ya rataye kayan aiki, ya koma gadi.

Sau ɗaya na ji ya yi dogon zance.
Ya ce: Hedwig, kowane sili so yake ya warware,
wannan na ja hagu, wancan na ja dama.
Jayayyar ce ke riƙe igiya.
Ya tofa yawu a tafi, ya ci gaba da baya.

Ƙarfe goma sha biyu ƙararrawa za ta buga.
Limamin cocin ya ce a sa mata inji,
kuɗin ne har yau ba su cika ba.
Kafin nan, igiyar babana ake ja,
ta yi baƙi daidai inda hannu ke kamawa.

Na ninke tsumma. Magatakarda ya shigo,
ya ce, Malama Seiler, yau allon na ƙyalli.
Na ce, ruwan sama ake, ka goge takalminka.