Makabartar Batura

Ranar da Farfesa Kansakar ta ajiye aiki
ni ta damƙa wa makullin ɗakin baya,
wanda ɗalibai ke kira makabarta.
Batura ɗari huɗu da goma sha ɗaya,
kowanne da takarda a wuya:
ranar zuwansa, ranar mutuwarsa,
da abin da ya yi ajalinsa,
duk da rubutun hannunta mai kama da sawun kaza.

Shekara ashirin da bakwai ina sharar ɗakin nan.
Na sauko daga tsaunukan Dolakha ina ɗan saurayi,
ban bambance jar waya da baƙa ba.
Ta ce, "Tikaram, mai tsoron wuta nake nema,
marasa tsoron duk na sallame su."

Kathmandu a lokacin hayaƙi take shaƙa,
hayaƙi take fitarwa.
Duwatsun ƙanƙarar da kakanni ke hange daga tsakar gida
sai dai a kalanda.
Tari ne ya tafi da mahaifinta, maƙerin tagulla.
Ba ta taɓa cewa don shi take yi ba,
ni ma ban tambaya ba.

Batura goma sha biyu ta jera
ƙarƙashin kujerar keke mai ƙafa uku.
Ya mace mana a hawan Maharajgunj
da fasinja tara da akuya guda.
Muka tura, ita da zaninta na zuwa biki, ni da silifas,
direbobin dizal na ta danna mana oda.
Ko ruwa ba ta kurɓa ba da muka dawo
sai da ta rubuta: lamba ɗaya, tudu ya fi ƙarfinsa.

Sai shekarun duhu.
Awa goma sha shida ba lantarki,
mai binciken motar lantarki
tana duba takardun jarrabawa da kyandir.
Abokan aiki suka yi ta zamewa,
wannan Jamus, wancan Koriya.
Ita ma wasiƙa ta zo mata, har da hatimi.
Daga baya na tsince ta a ninke
ƙarƙashin ƙafar tebur, tana hana shi girgiɗi.

Wata direba, Dolma Ghising,
ta taɓa shigowa ba ko gaisuwa,
ta ce, "Lissafinki a takarda yake gudu.
Zo ki zauna gefena ki ga hanya."
Wata guda Farfesa tana karɓar kuɗin mota,
tana ba da canji, tana auna zafin batir a cunkoso.
Da ta rubuta sakamakon, sunan Dolma ta fara sakawa.
Masu mujalla suka aiko tambaya: daga wace jami'a?
Ta amsa: layin Ratna Park zuwa Chabahil.

Yau titi ya cika da motoci marasa ƙara,
daga ƙetare aka kawo su, suna sheƙi,
ruwan kogunanmu ke cika musu ciki.
Masu tuƙa su ba su san sunanta ba.
Ɗaya ta kusa bankaɗe ta a bakin ƙofar jami'a,
ta dawo tana dariya:
"Ban ji zuwanta ba, Tikaram. Ko kaɗan ban ji ba!"

Sabon shugaban sashe yana son ɗakin.
Ya ce a kira masu sayen dalma, a auna, a sayar.
Takardun kuwa na cire su ɗaya bayan ɗaya
na zuba a gwangwanin biskit.

Tana bakin ƙofa da jakarta, ta waiwayo.
Akwai wani tsoho ƙarƙashin teburina
da ke tafasa mana shayi tun shekarar girgizar ƙasa,
duk ya kumbura, gefensa ya yi tsatsa.
Ta ɗora masa tafin hannu kamar mai jin zazzaɓin jariri,
ta ce, "Wannan kada ka rubuta masa takarda tukuna."