Kason da Malam Bai Lissafa Ba

Da aka raba gadon Inna
na samu keken ɗinki,
Sa'ade ta samu kwalla biyu da zoben azurfa,
Yaya Gambo ya ɗauki filin Rigasa, yadda malam ya lissafa.
Akwai kason da malam bai gani ba.
Ba ya cikin akwati, ba ya ƙarƙashin katifa.
Mai yiwuwa yana cikin jini, in ji likita,
kuma shi bai san a ba mace rabi ba.

Shekara ashirin Inna tana bin zare a masaƙar Kakuri,
ba ta taɓa kwana asibiti ba sai don haihuwa.
Sai wata damina zani ya ƙi zagaye ƙugunta.
Loma biyu, ta ture kwano, ta ce na ƙoshi.
Maƙwabta na tsokana: Tabawa, ciki da furfura?
Muka ce basir ne. Muka ce kumburi ne kawai.
Muka jiƙa sassaƙe, muka sayo jar kanwa,
daji kuwa yana toho a inda muka fito,
shiru, ko ganye bai motsa ba.
Ran da aka raɗa masa suna
ya riga ya yi jikoki.

Ƙanwarta Uwale ma haka, shekara uku kafin nan.
Nata, sammu muka ce.

Yau Talata na tsallake gada da sassafe.
Kogin Kaduna ya cika, ja kamar shayin mai rowar madara.
Mai keke yana faɗa da mai bas a kan naira hamsin,
ni ina riƙe da kati, tafina na gumi.

Dakta Kuyet ba ta fara da allura ba.
Takarda ta jawo, ta zana gidanmu:
kowace mace da'ira.
Ta cike ta Inna da baƙi, ta cike ta Uwale.
Tawa fara. Ta Sa'ade fara.
Can ƙasa wata 'yar ƙarama, Nusaibata,
da ko haƙoran gaba ba ta gama mayarwa ba.

Suka ɗibi jini a kwalba kamar ɗan yatsa.
Suka shafa min wani abu mai sanyi a mara.
A allon na ga cikina baƙi da fari,
kamar talabijin ɗinmu in an yi hadari.
Ga ƙwan dama, ta ce. Ga na hagu.
Shekara talatin da takwas muna tare,
sai yau muka gaisa.

Ba ta yi min alkawari ba, shi ya sa na yarda da ita.
Wannan gwaji aci-balbal ne, ta ce, ba rana ba.
Yakan bar lungu cikin duhu,
yakan mai da igiya maciji, ki tsorata a banza.
Amma mai ɗaki irin naki ba ta kwana babu fitila.
Ki dawo nan da 'yan watanni.
In kin rufe haihuwa, akwai wata magana,
za mu zauna.

Sa'ade ta ƙi zuwa.
Mai tona rami, ta ce, shi ke ganin kunama.
Abin da ban sani ba ba ya hana ni barci.
Na so in ce mata Inna ma ta yi barci.
Na haɗiye.

Da daddare na zauna ga keken Inna.
Atamfar Sa'ade ce a kai, ta bikin ƙarshen wata.
Na san ƙugunta, inci talatin da huɗu,
na rubuta a bango, zan sake aunawa.
Ba ta ce a sa aljihu ba.
Na sa.
Na cusa kati na biyu a ciki, da sunanta,
na bar bakin a buɗe.