Suna Daban, Lambar Gida Daban

Wuta ta dawo ƙarfe tara da kwata.
Agege ta ɗauki ihu daga wannan layi zuwa wancan,
firji ya yi tari, fanka ta kama juyi,
akwatin intanet da ke kan kabad
ya buɗe korayen idanunsa ɗaya bayan ɗaya.
Wayata kuwa ta ce babu hanya.

Kuɗin albasa buhu arba'in nake jira.
Iya Ronke ta Ketu ta rantse ta turo tun la'asar.
Na taɓa sunan banki, ya ƙi buɗewa.
Na kashe akwatin, na ƙirga goma, na kunna,
har iska na hura masa kamar garwashi.
Shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Zinatu ta kife littafin lissafinta,
ta ce, Baba, kawo.
Ba suna ta rubuta ba, lamba ta aika,
takwas, ɗigo, takwas, har sau huɗu,
amsa ta dawo kafin in haɗiye yawu.
Ta ce, ka gani, titi lafiyarsa ƙalau.
Kowane suna da lambarsa a ɓoye.
Kai dai ka ce Oshodi,
kwandasta ne ya san inda za a sauke ka.
Namu ya yi barci a bakin ƙofa.
Ta canza mana kwandasta.
Iya Ronke ba ta yi ƙarya ba.

Sai Hansatu ta leƙo daga madafa:
to ni fa, tawa shiga take tana fita.
Kwamfutar Tasi'u ma ta gaji da jiran a ba ta ɗaki,
ta raɗa wa kanta lamba mai ɗari da sittin da tara,
irin ta mai kwana ƙarƙashin gadar Ojuelegba,
wadda ba wasiƙar da za ta taɓa samunsa.

Zinatu ta bi waya da fitilar hannu,
ta bayan kujera, ta ƙarƙashin labule,
har ɗakin baya.
Can ta tarar da tsohon akwatin da Oga Chinedu ya yar,
Tasi'u ya tsinto ya jona a ɓoye.
Shi ma rabon makulli yake!
Masu gida biyu a gida ɗaya,
wannan ya ba ka ɗaki, wancan ya ba wani shi,
rabin ɗakunan ma ba su da ƙofar fita.
Ta hana na baya rabo, ta bar masa aikin miƙa saƙo.
Tasi'u na sosa ƙeya.

Ta ce lambar ma aro ce,
kwana ɗaya sai a sabunta.
Na yi dariya har da tari.
A Legas ko waya haya take zaune.

Ban gaya mata ba,
shekarar da na diro daga bayan tirela
da suna kawai na zo, a 'yar takarda cikin hula:
Kawu Sallau.
Kwana uku ana tura ni gidan da ya bari tun bara,
kowa na rantsuwa da abin da ya sani a da.
Wani mai shayi a Idi-Araba
shi ya goge mini tsohon kwatance,
ya ce, layi na uku, lamba goma sha bakwai, ka buga da ƙarfi.

Yanzu wayoyi huɗu, kowa da ɗakinsa.
Hansatu na jin muryar 'yar uwarta daga Funtuwa.
Zinatu ta rubuta lambobin a bayan kalanda,
ta ce, saboda ranar da ba na nan.
Na dubi rubutun, na dube ta.
Ƙarfe goma sha ɗaya saura biyar
suka ɗauke wutarsu.