Shafi Na Tamanin Da Huɗu

Safiyar Talata a Valparaíso.
Hazon teku ya hau tudu yana leƙen taga,
ni kuwa ina yanka saiwar albasa
siriri, yankan marowaci,
in ɗora a gilashi, in ɗiga mata shuɗi.

Na ce: ku duba. Ƙwayar halitta ɗaya
takan ja ɗamara ta rabu biyu,
biyu su zama huɗu, sannan su dakata.
Dakatawar nan ita ce tarbiyya.
Fata ta san iyakarta, hanta ta san tata.

Sai wata rana guda ta kurumce.
A ce tsaya, ba ta ji.
Ta haihu, 'ya'yan su haihu,
su haura katanga, su bi jini kamar fasinjoji,
su yada zango a huhu ko a ƙashi.
Sankara ke nan.
Ina rubuta sunan, alli ya karye.

Manhaja ta ba ni minti arba'in da biyar,
shafi ɗaya da rabi, hoto biyu.

Aji ya yi tsit, ban da Eleuterio
mai taunar biro.
Daga can baya Millaray Huenchul ta ɗaga hannu,
ita da ban san muryarta ba tun farkon zango.
Ta ce: Malam, laifin wa ne?
Mamata ba ta shan taba.
Kifi kawai take sayarwa a bakin ruwa.

Na dubi littafi, littafi ya kau da kai.

Na ce: tuntuɓen alƙalami ne, Millaray.
Duk rabuwa sai an kwafe dogon rubutu,
wane magatakarda ne hannunsa bai taɓa zamewa ba?
Wani sa'in hayaƙi ne, wani sa'in gado,
sau da yawa ka buɗe ƙofar, babu kowa.

To gashinta fa?
Maganin masu gaggawar rabuwa yake farauta,
gashi ma mai gaggawa ne, tsautsayi ya rutsa da shi.
Yakan dawo.

Ƙararrawa ta kaɗa, kujeru suka yi ƙara.
Ita ta tsaya, ido a kan madubin,
ta daɗe tana murza shi a hankali.
Wannan ta tsakiya ta kusa rabuwa, in ji ta.
Za ta tsaya bayan nan?
Na ce: albasa ce, ta san iyakarta.

Ban goge allon ba sai ranar Alhamis.