Ƙidaya a Golol

Tun Asabar nake ƙidaya.
Littafin hukumar daji ya jiƙe,
sai nake tsaga kara da wuƙa,
tsaga ɗaya, bishiya ɗaya.

Ɗari huɗu da goma sha bakwai
daga gada zuwa bakin kwazazzabo.
Sanobar ne, masu ganye kamar allura,
babana ya dasa su shekarar da aka yaye ni,
yana jido musu ruwa daga rafi
a kan jakin da ba ya son hawan dutse.

Ranar Juma'a bayan la'asar
hadari ya haɗo ta wajen Nyertete,
baƙi ƙirin, gindin tukunya.
Mun saba. Damina ce.
Kaltuma ko shanya ba ta kwashe ba.
Sai iska ta ɗauke cak,
tsuntsaye suka yi tsit,
wani abu ya zuro daga gajimare
kamar igiyar guga,
yana murɗawa, yana lalube,
har ya sa ƙafa a daji.

Shayin da na ɗora bai tafasa ba
aka gama.

Wasu sun karye daga ƙugu.
Wasu an murɗe su kamar wanki.
Manyan sun kwanta da saiwarsu a sama,
jar ƙasa na zuba daga yatsunsu,
ramin kowanne ya cika da ruwa,
har kwaɗi sun tare.
Taku ashirin daga nan
lemon tsoho Atim na tsaye da 'ya'yansa,
ko ɗaya bai faɗo ba.
Na tambaye shi, ya ce kada in tambaya.

Ƙamshin ƙaro ya cika dutsen Marra.
Ban taɓa jin daji ya yi ƙamshi haka ba
yana raye.

Jiya masu gawayi suka iso da gatura,
suka yi mini jaje, suna auna kauri da ido.
Ban hana su ba.
Yaransu ma ci suke yi.

Abin da ban faɗa wa Kaltuma ba:
da azahar na tsaya inda inuwa take a da,
rana ta doke ni a ƙeya,
sama ta buɗe fayau, babu reshe ko ɗaya,
na juya gabas, na juya yamma,
na rasa hanyar gida
a wurin da na koyi tafiya.

Saura gangaren arewa.
Karan ya ƙare.