Ƙwayar da Ta Gaji Sunan Addu'a

A Ludlow, bayan layin masu cuku,
Enid Pargeter na da ɗan shago,
kwalabe cike da duwatsun ado,
ja, shuɗi, da masu ruwan zuma.
Ran Laraba zare ya tsinke a hannunta,
ƙwayoyi suka watse ƙarƙashin kanta.
Jikarta Bronwen ta durƙusa tana tsinta.

"Yawwa, tsaya a haka," in ji tsohuwar.
"Da durƙuso kalmar ta fara."

Bead suke ce wa ƙwayar yau.
A bakin kakannin kakanninta kuwa
bede roƙo ne,
abin da mai noman sha'ir ke gaya wa Allah
kafin ya taka ƙanƙarar asuba.
Ba su iya karatu ba, amma sun iya ƙirga.
Suka huda ƙashi, suka huda itace,
suka zura a igiya don kada lissafi ya ɓace.

Mai wucewa ya leƙa, ya ga yatsu na tafiya,
ya ce, ga shi can yana ƙirga bede ɗinsa.
To, ido ƙwaya ya gani.
Addu'a ba ta da launi, ba ta ƙara in ta faɗi.
Sai sunan ya sulale daga leɓe
ya sauka a zare,
kamar baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma
ya wayi gari shi ne mai gida.

Wani zamani sarauta ta hana carbi.
Aka ɓoye na kaka cikin tukunyar gari,
sunan kuma ya fita yawo ba alwala:
ya hau wuyan amare,
ya zauna a goshin maƙeri ya zama gumi,
ya rataya a shinge ya zama raɓa.

Enid ba ta sake shiga coci ba
tun ran da aka binne Aldous.
Ta ce ita da sama sun yi baram-baram.

Bronwen ta zuba tsintuwarta a faranti.
Arba'in da biyu. Saura ɗaya,
koriyar da ya sayo mata a Hereford.
Tsohuwar ta dafa kanta, ta sauka a hankali,
gwiwa ɗaya, sannan ɗayar,
tana shafa ƙura da tafin hannu,
leɓenta na motsi.

"Kaka, me kika ce?"

"Ba komai. Ƙirga nake.
Matso da fitilar nan."